Fuskar Dooshima Mai Kitso

Ku da kuka fito daga makarantar koyon jinya kwanan nan, na san a waya kuka ga yadda ake yi wa ƙurjin fuska allura. An goge wuri da auduga, an soka 'yar allura, an zare, sai a nuna muku fuskar ta kwanta lumui. Shi ya sa kuke cewa ai wannan ba aiki ba ne, ko mai kemis zai iya. To ku gyara zama. Ni Rakiya a garin Lafiya na yi aikin nas har na yi ritaya, kuma mafi yawan shekarun a ɗakin masu ciwon fata na yi su. Akwai abubuwan da waya ba ta nunawa.

Ranar da aka tura ni ɗakin, na tarar da Dakta Ovye, wani gajeren mutumin Eggon da ba ya son yawan magana, yana duba wani ɗan acaba daga Kwandere. Muƙamuƙin mutumin ya kumbura har hular kwano ba ta zama masa daidai. Dakta ya ce in sa safar hannu in taɓa.

"Me kika ji, Sista?"

Na ce, "Ƙurji ne, Dakta."

"Na san ƙurji ne. Wane iri?"

Ya kama yatsana ya ɗora a gefen kumburin, ya ce in ji zafin, in ji yadda ruwa ke motsi a ciki. Ya ce wannan maruru ne, cike yake da mugunya, sai an tsaga an wanke. Duk wanda ya zuba masa sitirod, wato maganin allurar nan, ya ƙara wa ƙwayar cuta ƙarfi ne, domin maganin kwantar da garkuwar jiki yake yi. Sannan ya juya fuskar mutumin ya nuna mini wani a ɗaya gefen. Wannan ba shi da baki, yana can ciki, da tauri kamar an binne gurjiya a ƙarƙashin fata, in an danna sai mutum ya runtse ido. Ya ce shi ne abokin allura. Ƙananan da ke fitowa da farin kai kuwa, ba ruwansu da allura ko kaɗan.

Na daɗe a ɗakin ban riƙe sirinji ba. Aikina taɓawa da faɗin abin da na ji, sai riƙe haske, sai haɗa magani. Haɗawar nan ita ce rabin sana'ar. Maganin fari ne kamar madara, yana kwantawa a gindin kwalba, sai an girgiza shi sosai. Yadda yake zuwa daga kamfani, an yi shi ne don manyan wurare irin gwiwar da ta kumbura. Fuska ba ta ɗaukar wannan ƙarfin. Sai an tsarma shi da ruwan allura har ya zama tsararo, sannan a ja ɗan kaɗan a sirinji irin na masu ciwon suga, mai allura siririya kamar gashi. Zurfi ma da nasa. In ka tsaya sama-sama, fatar wurin ta yi fari, kuma a baƙar fata irin tamu daga nesa ake hangowa. In ka wuce ƙasa, kitsen da ke riƙe da kumatu ya narke, wurin ya lotsa ya zama rami. Tsakiyar ƙurjin ake nema, a tura a hankali, da ka ga ya ɗan yi haske sai ka tsaya. Ranar da Dakta ya fara miƙo mini sirinji, a bayan wani dattijo ne, ba a fuska ba. Fuska sai da na ƙara daɗewa, kuma ko a lokacin yana tsaye a kaina, shi ne mai cewa a yi ko kar a yi.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai amaren da biki ya matso, akwai samarin da aka kira ganawar neman aiki, akwai 'yan makarantar da suka daina shiga aji saboda tsokana. Duk da gaggawa suke zuwa. Kuma duk wanda ya zauna, kafin a taɓa shi sai Dakta ya gaya masa magana ɗaya: allurar nan ƙurji ɗaya take kwantarwa, ba ta hana wani fitowa. Maganin gaskiya shi ne ƙwayoyi da na shafawa da haƙuri na watanni. Suna gyaɗa kai, amma ka san ba su ji ba. Idonsu na kan sirinji.

Dooshima ma haka ta zo. 'Yar Tibi ce daga Assakio, tana da shagon kitso kusa da kasuwa, doguwa, mai fara'a, bakinta ba ya hutawa. Ta shigo da gyale ta rufe rabin fuska, ta zauna ta yaye. Layin muƙamuƙinta duk tabo ne, ga wani babba ja-ja a gefen hagu.

Ta ce, "Sista, abeg ki taimake ni. Ni mai kitso ne. Kwastoma yana zaune yana kallon madubi, fuska na yana saman kansa tun safe har yamma. Wa zai ba ni kai da wannan fuska?"

Dakta ya tambaye ta abin da take shafawa. Ta fito da wata roba ba suna ba komai, haɗin da ake sayarwa a kasuwa na sa fata haske. Ya shinshina, ya ajiye gefe, ya ce mata irin wannan haɗin sau da yawa da sitirod a ciki, kuma shi ke ƙara tayar mata da ƙurajen. Ya ce ta daina. Ya rubuta mata ƙwayoyi da sabulu, sannan ya ce in yi wa babban nan allura. Na haɗa, na soka, na tura kaɗan. Ko motsi ba ta yi ba.

Kafin ƙarshen mako ta dawo ba gyale, da ledar lemo a hannu. Ƙurjin ya kwanta kamar ba a taɓa yin sa ba. Ta rungume ni a gaban layi, tana ce wa mutane wannan allurar mamaki ce. Sai ta nuna wasu ƙanana guda biyu a haɓarta ta ce a yi musu su ma. Dakta ya ce a'a. Ta yi magiya, ta yi dariya, ta yi fushi, bai canza ba. Ya ce wuri ɗaya ba a maimaita masa sai an bar shi ya huta makonni, ƙanana kuma ƙwaya ce maganinsu. Ta tafi tana ƙunƙuni, amma ta bi abin da aka ce. Watanni tana zuwa, fuska tana gyaruwa. Tun tana ce mini Sista har ta koma Mama. In kitsona ya tsufa ita take fara gani, ta ce, "Mama, wannan kai yana ba ni kunya, ki zo shago."

Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo. Aka shiga yajin aiki, ya ja, ya ƙi ƙarewa. Ana cikin haka Dakta Ovye ya samu aiki a ƙasar waje. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Ya zo har gida ya yi mini sallama, ya bar mini fitilar da muke haska fuska da ita. Ba a kawo wani a madadinsa ba. Ɗakinmu aka mayar da shi wurin ajiye karyayyun gadaje.

Amma sunan maganin ya riga ya fita. Mutane suna ɗaukar hoton kwalba da waya tun muna aiki, mu ba mu kula ba. Kafin a jima, kusan duk kemis ɗin da ka shiga akwai shi, ba takardar likita ba komai.

Wata rana bayan la'asar ina tsakar gida ina tsintar shinkafa sai ga Dooshima. Ta gaishe ni, ta ce aurenta ya kusa, da wani malamin makaranta mai suna Terver. Na yi mata murna. Sai ta juya mini gefen fuska. Manya uku ne suka fito a jere. Ta buɗe jaka ta ciro kwalbar magani da sirinji, ta ajiye a kan tabarma.

"Na saya komai, Mama. Hannun ki kawai nake so."

Na wanke hannu na taɓa. Biyu irin wanda na sani ne, amma na ukun da zafi, kuma ruwa na motsi a ciki. Na ɗaga kwalbar na duba. Rubutun ya yi kama da namu, sai dai ban san inda ta fito ba, ban san irin zafin ranar da ta sha a shago ba. Na ce mata ba zan yi ba. Na ce nas ba ta yin wannan allurar sai likita ya duba ya ce a yi, ga shi ɗaya daga ciki ma kamar ya yi mugunya. Na ce ta je Makurdi ko Jos, akwai likitocin fata a can.

Ta ce ta riga ta je Makurdi. Ranar da aka ba ta ta dawo, bayan biki ce.

Na ce ta riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ta koma kan ƙwayoyinta, ta nemi kowane likita ya duba mai zafin, kwalliya kuma za ta rufe sauran.

"Mama, ke ce kin yi mini da hannun ki. Dakta yana tsaye ne kawai. Yanzu don ba ya nan, hannun ki ya manta?"

Na ce hannuna bai manta ba, amma ba zan yi ba.

Ta tattara kayanta ta mayar jaka. A bakin ƙofa ta ce, "To, na gode," irin godiyar da ba godiya ba.

Abin da ya biyo baya daga bakinta na ji shi, bayan lokaci mai tsawo. Daga gidana unguwar Azuba ta wuce, wurin wani mai kemis da aka ce mata yana yi. Bai tsarma komai ba. Yadda maganin ya fito daga kwalba haka ya ja, ya cika kowane ƙurji, ragowar kuma ya yi mata a ɗuwawu, wai don ya bi jini ya kashe tushen. Ƙurjin nan mai zafi kuwa, ya ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda shi, Allah ya sa bai ɓaci ba.

Ga abin da nake so ku riƙe: ya yi aiki. Ranar biki fuskarta sumul. Ta turo mini hoto a waya, tana cikin farar riga tana dariya, ba ta rubuta komai a ƙasa ba. Na duba hoton na ce Allah ya sa iyakarsa ke nan. Da allurar ta ba ta wahala tun ranar farko, da ta tsira. Amma sai ta ga biyan buƙata, don haka duk ƙurjin da ya leƙo sai ta hau acaba zuwa Azuba. Ta ɗuwawun ma ta zama ta kullum, domin in an yi mata takan ji jikinta garau, ga cin abinci. Matan da ke zuwa kitso suka ga fuskarta suka tambaya, ita kuma da zuciya ɗaya ta nuna musu hanya.

An janye yajin aiki, aka mayar da ni ɗakin ganin marasa lafiya na waje, inda ake awon jini da zafin jiki kafin a ga likita. Fiye da shekara ban sa ta a ido ba. Wata safiya wata nas daga ɗakin awon ciki ta rako wata mata da mijinta, ta ce mini a kunne, "Ta zo awo, amma babu ciki. Jininta kuma ya hau sosai." Na ce matar ta zauna, na kama hannunta zan ɗaura abin awo. Hannun siriri ne, fatar ta yi laushi kamar takarda, ga shatin nanƙarwa manya-manya har hamata. Jikin kuwa ya yi ƙiba daga ciki zuwa wuya, fuska ta zagaye ta yi suntum, har da tudu a bayan wuya.

Ta ce, "Mama."

Da murya na gane ta. Na ɗago haɓarta zuwa hasken taga. Daga kunne zuwa haɓa ramuka ne a jere, kowanne da farin zagaye, wasu farin ya ja layi ya gangara wuya. A goshi da ƙirji kuma sababbin ƙuraje ne ƙanana birjik, irin waɗanda maganin da kansa yake haifarwa in ya yi yawa a jiki.

Mijin, Terver, yana tsaye riƙe da kati, mutum mai natsuwa. Ya ce, "Mama, al'adarta ta tsaya, ciki ya fito, tana yawan fitsari. Mun ɗauka an samu ne. Har mahaifiyata ta zo daga ƙauye da doya da kaza. Yanzu an ce babu komai. To mene ne a cikin?"

Na ce masa kitse ne, kuma magani ne ya tara shi. Ban ƙara komai ba, domin sauran bayanin na likita ne. Dooshima ba ta yi kuka ba. Hannu kawai ta ɗora a kan cikin, ta bar shi a nan.

Wata matashiyar likita ce ta karɓe ta, kuma ta yi ƙoƙari. Aka auna suga aka tarar ya hau. Da Terver ya ji allurar ce sanadi, ya ce daga yau an daina ta, ko kusa da ita ba za ta sake zuwa ba. Likitar ta ce ba a yanke shi haka kai tsaye. Jikin mutum yana yin irin wannan sinadarin da kansa, amma in an daɗe ana zuba masa daga waje sai ya daina. In aka tsayar rana ɗaya, mutum na iya faɗuwa, wani ma ba ya tashi. Dole aka sa ta a kan ƙwayar irin maganin, ana ragewa kaɗan-kaɗan har jikin ya farka. Ta sha wuya a watannin nan. Gaɓoɓi na ciwo, ba ƙarfi, tsayuwar kitso ta gagare ta. Duk ranar asibiti ni nake auna ta, kuma ba mu taɓa tayar da maganar tabarmar gidana ba.

Ba ita kaɗai ba ce. A wannan shekarar na ga mata da yawa da irin ramukan nan, wasu a kumatu, wasu a goshi, kuma in ka bi sawu sai ka ji daga shagon Dooshima aka nuna musu hanya. Ɗaya daga ciki ta je har shagon ta yi mata tas a gaban mutane. Bayan wannan kwastomomi suka janye. Ta saki shagon ta koma yin kitso a gida. Mai kemis ɗin kuwa an kai ƙararsa, aka rufe shagon na ɗan lokaci, daga baya na ji ya buɗe a wata unguwa.

A hankali fuskarta ta sauka, al'ada ta dawo, hawan jinin ya daidaita. Sugan ne ya daɗe yana ba ta wahala, har yau tana kiyaye abinci. Farin tabon ya yi ta komawa baƙi, yawancin ramukan suka ciko. Biyu a kumatun hagu ba su ciko ba, kuma ba na jin za su ciko. Daga baya Allah ya ba su 'ya mace.

Har na yi ritaya ba a sake buɗe ɗakin fata ba yadda yake a da. Wani likita yakan zo jefi-jefi, layi ya yi tsawo, ya duba na dubawa ya tafi. Abin da Dakta Ovye ya zuba a yatsuna ban samu wanda zan miƙa wa ba, domin ba a koyon sa da baki, sai da fuska a gabanka da wani a tsaye a kanka. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini. Maganin yana ko'ina, a kowane lungu, masu sanin inda za a tsaya ne babu. Ku kuma za ku fita aiki, wata za ta same ku har gida da kwalba a jaka, tana kiran ku da suna mai daɗi, bikinta saura kaɗan. Ba zan ce muku ƙin yi yana da sauƙi ba, kuma ba zan ce in kun ƙi shi ke nan ta tsira ba.

Da bikin autata ya zo, na aika aka kira mini Dooshima ta yi mini kitso. Ta zo da 'yarta goye a baya. Na zauna a ƙasa, ita tana kan kujera, kaina tsakanin gwiwoyinta. Hannunta na nan yadda na san shi, da sauri, ba ya ja. Muka yi hirar tsadar kaya da ta makarantar yara. Ta kai rabi sai ta tsaya da tsinken tsaga a hannu.

"Mama, in tambaye ki. Da kin yi mini ranar nan, da duk wannan bai faru ba, ko?"

Na ce, "Wataƙila da bikinki ya wuce lafiya. Amma bayan biki wani zai fito. Da kin dawo?"

"Da na dawo."

"Da na sake yi miki, ko da na ƙi?"

Yarinyar ta motsa a bayanta, ta ɗan jijjiga ta.

Ta ce, "Da kin ƙi. Ni kuma da na tafi Azuba."

Na ce ban sani ba, Allah ne masani. Ta ce ita ta sani. Sannan ta dangwalo mai a bayan hannunta, ta dafa kaina ta karkatar.

"Juya, Mama. Saura gefe ɗaya."